Ƙofar Musulunci Ba Ta da Dogari

A farkon ƙarnin nan wani Musulmi ya rasu a birnin Washington na ƙasar Amurka. Ciwon ƙanjamau ne ajalinsa, kuma an san shi da neman maza 'yan'uwansa. Da rai ya yi halinsa, sai aka shiga neman limamin da zai yi masa wanka, ya sa shi a likkafani, ya sallace shi. Aka tuntuɓi wannan, aka tuntuɓi wancan, duk ba wanda ya yarda ya zo. Daga bisani wanda ya amsa kira, kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, shi ne wani baƙar fata mai suna Daayiee Abdullah, wanda ba a haife shi cikin Musulunci ba. Shi ya wanke gawar, ya tsaya gaba ya yi mata kabbara huɗu.

An haifi wannan mutum a birnin Detroit a 1954, cikin gidan Kirista. Ya je karatu ƙasar Sin, a can ya haɗu da ɗalibai Musulmi, Allah ya sa hasken addini ya shige shi, ya yi kalmar shahada. Sa'an nan ya bi ƙasashen Larabawa yana koyon harshe da addini. Ya bayyana a fili cewa zuciyarsa maza take so, har ya kai ga ɗaura aure tsakanin masu jinsi ɗaya, abin da mafi yawan malaman duniya suka ƙi amincewa da shi. Ya rasu a 2025, hisabinsa yana ga Ubangijinsa. Amma fa akwai tambaya guda da ya bari a baya, wadda har yau ba a amsa ba. Kowane almajiri ya sani sallar jana'iza farilla ce ta kifaya, watau idan wasu sun yi ta faɗi a kan saura, idan kuwa kowa ya ƙi, laifi ya hau kan jama'a duka. To, a wannan rana, wane ne ya sauke wa Musulmin Washington wannan nauyi? Mutumin nan ne da suke ƙyamar su bi shi salla. Lalle malamai sun ce babban malami yana iya janye jiki daga jana'izar wanda ya shahara da saɓo, don ya zama gargaɗi ga masu rai, amma da sharaɗin wasu su yi. Ba malamin da ya ce a bar gawar mai shahada kamar mushe.

Wannan labari ya tono wata matsala wadda take ƙara girma a Amurka da Ingila da Faransa da sauran ƙasashen Turawa. Binciken da cibiyar Pew ta yi a 2017 ya nuna sama da kashi 20 cikin 100 na manyan Musulmin Amurka shigowa addinin suka yi, ba gadonsa suka yi ba. Daga cikin waɗannan sababbin musulunta, maza da mata, akwai waɗanda tun kafin su ji sunan Makka sun san zukatansu sun karkata ga jinsinsu. Wasu ma sun yi shekaru suna zaune cikin jama'ar masu irin wannan hali, a nan abokansu suke, a nan suka sami mafaka sa'ad da iyayensu suka kore su. Sai ga shi sun karanta Alƙur'ani, tauhidi ya kama su, sun yi alwala sun fuskanci alƙibla. Daga wannan rana sai su tarar da kansu gaba kura baya siyaki. A masallaci ana ce musu mai irin halinsu ba ya zama Musulmi. A tsohuwar unguwarsu ana ce musu mai hankali ba ya shiga addinin da ke ƙinsa. Ƙungiyoyin nan biyu ba su ga maciji da juna, amma sun haɗu a kan magana ɗaya: cewa bawan Allahn nan ba shi da wuri a sahu. Dukansu kuwa sun yi kuskure, kuma kuskuren mutanen masallaci ya fi nauyi, gama su suke da littafi a hannu.

Wajibi ne a fara da faɗin gaskiyar abin da fiƙihu ya ce, don kada wani ya zaci ana so a shafa wa magana zuma. Mazhabobi huɗu na Sunna, da malaman Shi'a, sun haɗu a kan haramcin luwaɗi da maɗigo. Inda suka saɓa shi ne hukuncin mai aikatawa: Imamu Malik ya tsananta ƙwarai, Imamu Abu Hanifa ya ce ba haddi a kansa sai horon da alƙali ya ga ya dace, Ibn Hazm na Andalus shi ma ya tafi a kan horo mai sauƙi. Kuma dukansu sun ajiye al'amarin a hannun alƙali, da shaidu waɗanda suka gani da ido, ko iƙirarin mai laifi da bakinsa. Ba ɗayansu da ya miƙa hukunci ga ladan, ko kwamitin masallaci, ko samari masu zafin kai. Wannan shi ne abin da ke cikin littattafai, wanda ya ƙara ko ya rage ya yi wa malamai ƙarya.

To, amma aiki daban, abin da ke cikin zuciya daban. Hadisi ingantacce ya tabbatar Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya, muddin ba a aikata ba, ba a kuma furta ba. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, da yake sharhin Sahihu Muslim, ya raba namiji mai ɗabi'ar mata kashi biyu: wanda aka halitta haka, ba zargi ba laifi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Ko malaman Amurka da Kanada sama da 100 waɗanda suka sa hannu a wata takardar bayani a 2023, suna jaddada haramcin aikin da kakkausar murya, sun bambanta abin da ke faɗo wa mutum a rai ba da zaɓinsa ba da abin da ya aikata. Saboda haka sabon musuluntar da ya je wa liman da hawaye, ya ce ga abin da yake ji a ransa, bai zo da laifi ba tukuna. Ya zo da amana ne. Limamin da ya ɓata fuska, ya ja da baya kamar ya ga kuturu, ya ci wannan amana.

A ɗauka ma ya aikata. Shin saɓo yana fitar da mutum daga Musulunci? Amsar wannan tana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin da yara ke haddacewa a zaurukan malamai tun daga Ƙairawan har zuwa Katsina. Tun a babin aƙida mai littafin ya yanke magana cewa ba a kafirta kowa daga masu fuskantar alƙibla saboda zunubi. A kan wannan mas'ala ce Ahlus Sunna suka rabu da Hawarijawa, waɗanda suka ce mai babban zunubi kafiri ne. Kowa ya san inda wannan ra'ayi ya kai su. Sayyidina Aliyu ya yaƙe su a Naharawan a shekara ta 38 bayan Hijira, bayan shekara biyu ɗayansu ya sare shi da takobi a masallacin Kufa yana kan hanyar sallar asuba. Mutanen nan sun fi kowa yawan salla da azumi da karatu, duk da haka tarihi bai tuna su da alheri ba. Wanda duk ya tsaya bakin masallaci a Landan ko Shikago yana tankaɗe masallata da rariyar zunubi, rigar Hawarijawa ya ara, ko da yana kiran kansa Ahlus Sunna sau ɗari a yini.

A duba yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da irin waɗannan al'amura. A wani yaƙi Usamatu ɗan Zaidu ya kashe wani mutum bayan ya furta kalmar shahada, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi faɗa. Annabi ya yi masa faɗa mai tsanani, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya ga abin da ke ciki, har Usamatu ya yi fatan a ce ranar ce ya fara musulunta. Akwai wani sahabi da aka sha kawo shi saboda shan giya; da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. Wata mata daga ƙabilar Juhaina ta yi iƙirarin zina, aka tsayar mata da haddi, sa'an nan Annabi da kansa ya sallace ta, har Sayyidina Umar ya yi mamaki. Abu Dawuda kuma ya ruwaito an kawo wani namiji mai kwaikwayon mata, ya sa lalle hannu da ƙafa, aka fitar da shi bayan gari. Da aka nemi izinin kashe shi, Annabi ya ƙi, ya ba da dalili cewa an hana shi kashe masu salla. Cikin labaran nan huɗu ba inda aka halatta saɓo, ba kuma inda aka ƙwace wa mai saɓo shahadarsa.

Masu tsanantawa suna da hujja guda mai ƙarfi, bai kamata a tsallake ta ba. Sukan ce: mai aikata laifi yana sane laifi ne, wannan Musulmi ne, amma wanda ya ce haram halal ne, ya fita. Kuma gaskiya ne akwai masu faɗin haka. Scott Siraj al-Haqq Kugle, malamin jami'a Ba'amurke wanda shi ma shigowa Musulunci ya yi, ya wallafa littafi a 2010 yana kafa hujja cewa laifin mutanen Annabi Luɗu fyaɗe ne da cin zarafin baƙi da ƙaryata manzo, don haka ayoyin ba su shafi mutum biyu da suka yarda da juna ba. Jumhurun malamai ba su karɓi wannan tawili ba. To, amma ina hanyar da magabata suka bi da mai tawili? A zamanin Sayyidina Umar, Ƙudamatu ɗan Maz'un, wanda ya halarci Badar, ya sha giya yana kafa hujja da wata aya ta Suratul Ma'ida, yana ganin ta ɗauke laifi ga masu imani da aikin ƙwarai. Sahabbai ba su yi gaggawar kafirta shi ba. Sun zaunar da shi, sun nuna masa kuskuren fahimtarsa, aka yi masa bulala, ya ci gaba da zama ɗan'uwansu. Har wa yau malaman fiƙihu sun keɓe sabon shiga Musulunci musamman, suka ce ba a kafirta shi don ya musa wani hukunci sananne sai an karantar da shi, an warware masa shubuha. Kafirta mutum ayyananne aikin alƙali ne masani, bayan tsayar da hujja. Abin da ya dace da mai tawili shi ne alƙalami, kamar yadda wani marubuci Musulmi, Mobeen Vaid, ya yi a 2016, ya bi hujjojin Kugle ɗaya bayan ɗaya yana mayar da martani. Wannan ita ce hanyar ilmi. Zagi da kora kuwa makamin wanda hujja ta ƙare masa ne.

Sa'an nan kuma, wa ya aiki mutane binciken sirrin masallata? Suratul Hujurati ta hana leƙen asirin juna da mummunan zato ƙarara, hadisi kuma ya yi alkawarin Allah zai rufa asirin wanda ya rufa asirin Musulmi. Amma sai ka ga an sa wa sabon musulunta ido, ana auna tafiyarsa da muryarsa, ana tono hotunansa na da a intanet, ana raɗa a kunne. Alhali kuwa a sahun gaba ga mai kantin giya, gama sanannen abu ne a biranen Amurka akwai Musulmi masu wannan sana'a. Ga mai cin riba, ga wanda ya doki matarsa daren jiya, ga wanda ya yi shekara bai gai da mahaifiyarsa ba. Ba wanda ya ce musu su tashi, wani lokaci ma su ne masu riƙe da asusun masallaci. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Idan za a share masallaci daga masu zunubi, ko limamin ba zai sami wanda zai bi shi ba, shi ma da wuya ya tsira. Abin da ke sa a ware laifi guda a yi masa ƙyama ta musamman, a bar saura su sha iska, al'ada ce da son zuciya, ba a sami wannan a littafi ba.

Tarbiyyar sabon musulunta kuwa tana da tsari tun daga farko. Da Annabi ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya umurce shi ya fara kiran mutane zuwa ga shahada. In sun karɓa ya sanar da su salla. In sun karɓa ya sanar da su zakka. Nana A'isha ta bayyana cewa da hanin giya da zina ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su bari ba. Sai da imani ya zauna a zukata sa'an nan hukunce-hukunce suka biyo. Alƙur'ani ma ya ware wa waɗanda ake lallashin zukatansu kaso cikin zakka. Addinin da ya ce a kashe dukiya don a jawo zuciyar baƙo, yaya za a yi mabiyansa su kashe ƙarfinsu wajen korarsa? Mutumin da bai gama iya Fatiha ba, wanda danginsa suka daina kiransa cin abincin Kirsimeti don ya musulunta, shi ne za a tare da mas'ala mafi nauyi a rayuwarsa, a ce ya warware ta kafin Juma'a mai zuwa? Garin neman gira sai a rasa ido. Da yawa daga irin waɗannan sun bar masallaci, daga nan suka bar salla, daga nan suka bar addinin gaba ɗaya, kuma wanda ya kore su yana barci da munshari yana zaton ya yi jihadi.

Akwai kuma wata shawara da ake yawan ba su, wadda ta fi kora muni, ko da yake da murmushi ake ba da ita. Akan ce wa mutum ya yi aure kawai, kome zai wuce. Sai a nemo 'yar mutane, a ɗaura, ba a gaya mata kome ba. Ta shiga gida da zuciya ɗaya, ta tarar da miji wanda ba ya iya dubanta da idon so, ta yi shekaru tana tuhumar kanta. Addinin da ya hana ɗan kasuwa ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙarƙashin busasshe bai yarda a yi wa mace wannan algus ba. Mace ba magani ba ce da za a jiƙa a ba mara lafiya. Wanda ya ba da wannan shawara ya ɗauki nauyin mutum ɗaya ya mai da shi na mutum biyu, in an haihu ya zama na gida guda.

Ɗaya ɓangaren su ma ba su kuɓuta ba. Akwai Turawa da yawa, har da tsofaffin abokan sabon musuluntar, waɗanda suke ganinsa maci amana, ko mai taɓin hankali, suna cewa ya zaɓi ɗaya. Suna maganar 'yanci, amma 'yancin nasu bai kai ga mutum ya zaɓi Ubangijinsa ba. Kuma ya kamata su riƙa tuna jiya. A 1952 kotun Ingila ta hukunta Alan Turing, masanin lissafin da ya taimaki ƙasarsa a yaƙin duniya na biyu, saboda wannan hali. Sai a 1967 aka sassauta dokar. A Amurka sai a 2003 kotun ƙoli ta rushe irin waɗannan dokoki a jihohin da suka rage. Dokar da ta hukunta wannan aiki a Indiya har zuwa 2018, Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta. Yau kuma wasu 'yan siyasarsu sun mai da maganar sanda ta dukan baƙi Musulmi. A 2006 wata jiha a kudancin Jamus ta sa tambaya a kan wannan batu cikin tambayoyin da ake yi wa masu neman zama 'yan ƙasa. Bayan kisan mutum 49 a Orlando a 2016, Musulmi masu wannan hali sun yi makoki biyu, suna kukan waɗanda aka kashe, ana kuma nuna su da yatsa saboda addinin wanda ya yi kisan. Wanda yake son mutum da gaske ba ya ce masa ya yar da sallarsa.

Sakamakon wannan matsi ga shi a fili. A 2009 aka buɗe wurin sallar Juma'a a Toronto don irin waɗannan mutane, a 2012 aka buɗe wani a Faris, akwai kuma irinsu a wasu birane. Malamai da yawa suna kuka da waɗannan wurare, suna cewa ana koyar da abin da ya saɓa wa ijma'i. To, wa ya haƙa harsashinsu? Wanda ya rufe ƙofarsa ba shi da bakin zargin baƙo don ya kwana a gidan maƙwabci. Da an bar su a sahu, da suna jin karatun da ake so su ji, suna tambaya ana ba su amsa. Hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar, balle hannun da bai tabbata ya ruɓe ba.

Harshe kuwa ba ya tsayawa inda mai shi ya so ya tsaya. Ran 15 ga Fabrairu, 2025, aka harbe Muhsin Hendricks har lahira cikin mota kusa da birnin Gqeberha na Afirka ta Kudu. Limami ne daga Cape Town, wanda ya bayyana halinsa a fili tun 1996. Manyan majalisun malaman ƙasar, waɗanda suka daɗe suna saɓa masa, sun fito sun yi Allah wadai da kisan, kuma sun yi daidai. Amma a intanet an sami masu murna. Wanda ya yi murna da zubar da jinin mai cewa babu abin bauta sai Allah, ya koma ya sake karanta labarin Usamatu.

Abin da ake nema ga limamai da jama'a ba mai yawa ba ne, kuma ba ya bukatar kowa ya canza harafi ɗaya na fiƙihu. A karɓi shahadar wanda ya furta ta. A bar shi ya tsaya a sahu, kafaɗa da kafaɗa. In ya kawo sirrinsa a riƙe masa, in ya yi tambaya a faɗa masa gaskiyar abin da malamai suka ce, da tausasawa, ba ƙari ba ragi. Kada a tura shi ya yaudari 'yar kowa. In ya zaɓi haƙuri da kame kai, a san ya ɗauki kaya mai nauyi wanda mafi yawan masu yi masa wa'azi ba su taɓa ɗauka ba, a zama danginsa, a kira shi buɗa baki, a tuna da shi ranar Salla. In ya faɗi ya tashi, a ba shi hannu. In ya yi gardama, a yi masa da hujja. Ranar da ya mutu kuma a wanke shi, a sallace shi, a kai shi makwancinsa, a roƙa masa gafara kamar yadda kowa yake fatan a roƙa masa. Sauran lissafi na Mai sama ne, shi ya san abin da ƙiraza suka ɓoye, bai kuwa ɗauki kowa aikin dogari a ƙofar rahamarsa ba. Allah ya sa a gane, ya sa a cika da imani, amin.